Kwatancen da Linux Ke Bi Kafin Ya Kama Netwok

Rautar da ke raba intanet a ofis, a makaranta ko a shagon buga takardu ƙaramar kwamfuta ce, kuma akasarin irinta Linux ne ke tafiyar da su. A tsakiyar Linux akwai abin da ake kira kanel, ɓangaren da ke hulɗa da ƙarfen na'ura kai tsaye. Shi ke raba wa manhajoji lokacin furosesa, shi ke riƙe da ma'adana, shi ne kuma ke tura saƙo ta kebul ya karɓo amsa. Sai dai a lokacin da aka kunna wuta, kanel bai san a cikin wace na'ura ya farka ba. Bai san ƙofofin kebul nawa ne a bayan akwatin ba, balle ya san wacce ce ke fita zuwa kamfanin intanet. Dole wani ya faɗa masa. Wa zai faɗa, da wane harshe, kuma me ya halatta a faɗa? Biyun farko an daɗe da samun amsarsu. Ta ukun ce har yau take jawo wa mutane asarar kwanaki a gaban na'urar da fitilarta ke ci amma saƙo ba ya wucewa.

Wanda ya saba da kwamfutar tebur ko laftof zai yi mamakin jin cewa akwai matsala ma. Ka sayo katin netwok, ka soka shi, ka kunna, ya kama aiki. Abin da ya sa haka shi ne hanyoyin da ake haɗa kaya da su a can, PCI da Intel ta fito da ita a 1992 da USB da ta biyo baya a 1996, an gina su ne yadda kowace na'ura za ta iya faɗin sunanta da kanta. Kanel yana bin gurabe ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, duk wadda ke nan ta amsa da lambobi biyu, lambar kamfanin da ya ƙera ta da lambar samfurinta. Lambar Intel 8086 ce, ta Realtek kuwa 10ec. Da ya ji amsa sai ya duba cikin direbobinsa, wato ƙananan manhajojin da kowace ta ƙware a kan wani nau'in na'ura, ya ɗauko wanda ya dace. Abubuwan da ba sa amsa kira, irin batir da maɓallin wuta, ACPI ne ke bayyana su, tsarin da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, wanda mai ƙera kwamfutar ke rubutawa ya binne a cikin BIOS.

Rauta, wayar hannu, kyamarar tsaro da dikoda ba haka suke ba. Ana gina su ne a kan aisi guda, baƙar ƙwayar nan da aka cusa furosesa da injin Ethernet da na USB da sauransu duk a cikinta, yawanci ƙirar ARM ko MIPS. Sassan da ke ciki ba sa amsa kira. Injin Ethernet yana zaune a wani adireshi da injiniyoyin kamfanin suka zaɓa masa, yana da layin da yake jan hankalin furosesa da shi idan saƙo ya iso, yana da agogon da sai an kunna masa kafin a taɓa shi. Kanel ba shi da hanyar lalubo waɗannan da kansa. Idan ya taɓa adireshin da babu komai, ko sashen da ba a kunna wa agogo ba, a wasu aisin na'urar sandarewa take yi baki ɗaya. Halinsa halin baƙo ne da ya sauka cikin dare a unguwar da gidajenta ba su da lamba: in ba a yi masa kwatance ba, ba zai kama buga ƙofofin mutane ba.

Shekaru da yawa kwatancen nan a cikin kanel ɗin kansa ake rubuta shi, da harshen C. Kowane bod, wato koren faifan da ake jera kayan a kansa, yana da nasa fayil da tasa lamba. Russell King na Ingila ne ke riƙe da rajistar lambobin na ARM, kuma sun kai dubbai. Manhajar tayarwa, wadda ke loda kanel, ita za ta miƙa masa lambar, shi kuma ya ɗauko fayil ɗin da ya dace. Wannan ya wadatar sa'ad da na'urorin ba su da yawa. Da wayoyin zamani suka cika duniya, sai kowane kamfani ya riƙa kwafe fayil ɗin wani, ya canza 'yan layuka, ya turo a saka masa. Kanel ɗin da aka harhaɗa domin aisin kamfani kaza ba ya tashi a kan na kamfani kaza. A watan Maris na 2011 Linus Torvalds, jagoran aikin Linux, ya fito fili ya nuna ya gaji da wannan tarin tarkace, kuma daga nan masu kula da ɓangaren ARM, ciki har da Arnd Bergmann, suka duƙufa kan sake tsari.

Maganin da suka ɗauko ba sabo ba ne. Tun 1988 Mitch Bradley na kamfanin Sun ya gina OpenBoot, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mayar ƙa'ida mai lamba 1275 a 1994 da sunan Open Firmware, kuma Apple da IBM suka yi amfani da shi a kwamfutocinsu na PowerPC. A wannan tsari ana miƙa wa babbar manhaja jerin kayan na'ura a siffar bishiya, reshe a ƙarƙashin reshe. A 2005 Benjamin Herrenschmidt ya matse bishiyar ta zama fayil guda da kowace manhajar tayarwa za ta iya miƙawa, David Gibson kuma ya rubuta dtc, manhajar da ke juya rubutun da mutum zai iya karantawa zuwa wannan fayil. Grant Likely ne ya yi ta faɗi-tashin kawo ta ARM. Zuwa Linux 3.7, a Disambar 2012, kanel guda ya fara tashi a kan aisin kamfanoni daban-daban, kuma ARM mai bit 64 da ya shigo a wannan fitowar tun farko ba a ba shi zaɓin komawa tsohon salo ba. Yau wannan bishiyar na'urori, Devicetree, ita RISC-V ke amfani da ita, haka FreeBSD da Zephyr da manhajar tayarwa ta U-Boot.

Rubutun nata mai sauƙi ne. Kowane sashe yana da reshensa, a cikin reshen akwai siffofi. Siffar compatible tana faɗin sunan kamfani da samfurin, kuma da ita kanel ke zaɓen direba. Siffar reg tana faɗin adireshi, interrupts tana faɗin layin jan hankali, clocks tana nuna agogon da ke ciyar da sashen. Reshe na iya nuna wani reshe, a ce wannan yana haɗe da wancan. Ƙa'idar da masu kula da ita suke ta maimaitawa guda ce: bishiyar tana bayyana abin da ke kan bod ne, ba abin da mai na'ura ke son a yi da shi ba, ba kuma abin da zai sa direban yau ya yi aiki ba. A baki kowa ya yarda da wannan. A wajen kayan sadarwa ne ake ganin wahalar cika ta.

Dalili shi ne abin da muke kira ƙofar Ethernet ba abu ɗaya ba ne. Akwai MAC, injin da ke cikin babban aisi, mai shirya bayanai ƙunshi-ƙunshi. Akwai kuma PHY, wani aisi dabam a gefen bod, sau da yawa na wani kamfanin, Realtek ko Marvell ko Atheros ko Micrel, wanda ke juya ƙunshin ya zama siginar lantarki a kan kebul, ya kuma daidaita da na'urar da ke ɗaya bakin kan gudun da za su yi. Wanda ya ƙera babban aisi bai san wane PHY za a haɗa masa ba. Mai zana bod ne kaɗai ya sani.

Hanyoyi biyu ne ke tsakaninsu. Ta farko ta ba da umarni ce, ana kiranta MDIO, layi biyu ne kacal, kuma ta zo ne da ƙa'idar Ethernet mai gudun megabit 100 ta 1995. Tana ɗaukar adireshi 32, daga 0 zuwa 31, kuma kowane PHY yana samun nasa ne daga wasu 'yan razistoci da mai zana bod ya liƙa a ƙafafunsa. A nan akwai ɗan sauƙi, domin PHY yana da lambar shaida da ake iya karantawa, kuma kanel na iya bin adireshin 32 ɗin yana tambaya. Amma sauƙin rabi ne. Idan MAC biyu suna raba MDIO guda, tambaya ba za ta nuna wane PHY ne na wane ba, sai an rubuta da siffar phy-handle. Wasu PHY suna amsawa a adireshinsu kuma su amsa a 0, sai a ga kamar biyu ne. Mafi ban haushi shi ne PHY ɗin da ke kwance har sai an ɗaga wata ƙafa ta tayar da shi, ko an ba shi agogo: ba zai faɗi sunansa ba sai an tashe shi, kanel kuwa bai san yadda ake tashinsa ba tunda bai san sunansa ba. Shi ya sa bishiyar ta tanadi wurin rubuta ƙafar tayarwa, da tsawon lokacin da za a jira bayan an ɗaga ta, har ma da damar rubuta lambar shaidar kai tsaye domin kanel ya daina tambaya.

Hanya ta biyu ita ce ta bayanan kansu, kuma a nan nake so a tsaya, don babu inda batun gaskiya da ƙarya a kwatance ya fito fili kamar nan.

A ƙananan na'urori masu gudun gigabit, hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce RGMII. An ƙirƙiro ta ne don rage ƙafafu: wadda ta gabace ta, GMII, tana cin layi 24, ita kuwa 12. Kowane ɓangare, na tafiya da na dawowa, yana da layi huɗu na bayanai da layin agogo mai bugawa sau miliyan 125 a sakan. Ana karanta bayanan sau biyu a kowane bugu, a hawansa da saukarsa. Huɗu sau biyu sau miliyan 125, bit biliyan ɗaya ke nan a sakan. Wato kowane bit nanosakan 4 kawai yake yi a kan layi kafin na bayansa ya maye gurbinsa, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Mai aikawa yana sakin bayanai da bugun agogo lokaci guda. Idan suka isa tare, mai karɓa zai leƙa layin a daidai sa'ad da yake canzawa, ya karanto shirme. Dole a jinkirta agogon da kimanin nanosakan 2 domin bugun ya faɗo a tsakiyar bit, inda siginar ta zauna.

To wa zai yi jinkirin? Ƙa'idar farko ta ɗora wa bod, a tsawaita layin tagullar da agogo ke bi. Sigina tana cin kusan santimita 15 a nanosakan ɗaya a kan bod, don haka ana bukatar ƙarin kusan santimita 30 na tagulla a lanƙwashe, a kan faifan da wani lokaci bai fi tafin hannu ba. Ba mai son haka. Bugu na biyu na ƙa'idar, na 2002, ya yarda aisi ya yi jinkirin a cikinsa. Sai ya zama akwai wurare uku da za su iya yi, bod ko MAC ko PHY, a kan hanyoyi biyu, kuma a kowace hanya sau ɗaya tak ake so. In babu wanda ya yi, bayanai sun lalace. In biyu suka yi, jinkirin ya zama nanosakan 4, bugun ya sake faɗawa bakin bit na gaba, sun lalace dai. Alamar cutar ma mai ruɗarwa ce: fitilar ƙofa tana ci, na'urorin biyu sun daidaita a kan gigabit, amma ƙunshi yana zubewa ko ba ya wucewa sam. Idan ka tilasta gudun ya sauka zuwa megabit 100 sai komai ya daidaita, saboda a can agogon sau miliyan 25 yake bugawa, kuma nanosakan 2 ba ya hana komai. Mutane da yawa a nan suke ɗora wa kebul laifi.

Bishiyar tana da siffa guda don wannan, phy-mode, da zaɓi huɗu: rgmii, rgmii-id, rgmii-rxid da rgmii-txid. Na farkon shi ya fi gajarta, shi ya fi kama da wanda za a rubuta in ba a san komai ba, kuma shi aka yi ta kwafewa daga fayil zuwa fayil. Alhali ma'anarsa ita ce kada PHY ya ƙara jinkiri ko kaɗan. Mafi yawan bod kuwa rgmii-id ne gaskiyarsu, wato babu dogon layi, a aisi za a yi jinkirin ta hanyoyin biyu. Me ya sa ƙaryar ba ta tonu da wuri ba? Saboda PHY da yawa suna tashi da jinkirinsu a kunne, ko don haka aka ƙera su, ko don razistocin da aka liƙa musu, direbobinsu kuma ba sa taɓa wurin. Kwatance ya ce a kashe, direba bai kashe ba, na'ura ta yi aiki. Kuskure biyu ne suka rufa wa juna asiri, shekara da shekaru.

A farkon 2019 aka gyara direban PHY na Atheros, dangin AR8031 da AR8035, ya fara kashe jinkiri idan an ce masa rgmii. Nan take Ethernet ya mutu a kan bod masu yawa da aka gina kan aisin i.MX6 na NXP, sai da aka bi fayilolinsu aka mayar da su rgmii-id. A ƙarshen 2020 abin ya maimaitu da RTL8211E na Realtek. Direbansa yana ƙoƙarin saita jinkiri amma a wurin da ba daidai ba yake rubutawa, don haka razistocin bod ne ke cin nasara. Da aka gyara shi a Linux 5.9, sai jerin ƙananan kwamfutoci masu aisin Allwinner, irin Pine64, Orange Pi, Banana Pi da Cubietruck, suka rasa netwok bayan sabuntawa, ba tare da an taɓa ko waya ɗaya a jikinsu ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma waɗanda suka faɗa a wannan ramin ba su ne suka haƙa shi ba.

Nan ne ƙa'idoji biyu na Linux suka yi karo. Ɗaya ta ce abin da ya yi aiki jiya kada sabon kanel ya karya shi, kuma Torvalds bai fi tsanani a kan komai ba kamar wannan. An kuma daɗe ana cewa bishiyar alkawari ce, tsohon fayil dole ya ci gaba da aiki da sabon kanel. Ɗayar kuma ta ce direban da ke yin biris da kwatance yana cutar da wanda ya rubuta gaskiya, domin bod ɗin da da gaske yake da dogon layi ba shi da hanyar neman a kashe masa jinkirin PHY. Ba za a iya gamsar da su duka ba. Abin da aka yi shi ne aka bar gyaran direban, aka bi fayilolin da ke cikin ma'ajiyar kanel ɗaya bayan ɗaya. Inda kwatancen ke binne a manhajar tushe ta na'ura, wato irin BIOS, kamar a na'urar SynQuacer na kamfanin Socionext na Japan, ba a iya isa gare shi ba, sai aka koya wa direban MAC ɗinta ya ƙi gaskata abin da aka faɗa masa.

A ganina waɗanda suka gyara direbobin sun yi daidai, ko da yake na san wanda na'urarsa ke wani gari, kuma ta netwok ɗin nan kaɗai yake isa gare ta, ba zai ji daɗin wannan magana ba. Da an bar direbobin a gurguje, da kowane sabon bod zai riƙa samun kwatancensa ta hanyar gwaji, a canza kalma har sai ya yi aiki, kuma siffar ta tashi daga bayanin kayan aiki ta koma maɓallin da ake murɗawa. Amma ba zan ɗora laifin duka a kan masu rubuta fayilolin ba. Bayanin siffar ya daɗe yana da harshen damo. Wasu suna karanta shi ta fuskar PHY, wasu ta fuskar MAC, har wasu direbobin MAC suka ɗauki rgmii a matsayin umarnin su yi jinkirin da kansu. Sai a 2025 Andrew Lunn, ɗaya daga cikin masu kula da ɓangaren PHY, ya sa aka rubuta dalla-dalla cewa phy-mode bod yake bayyanawa: rgmii na nufin tagulla ta riga ta yi jinkirin, rgmii-id na nufin ba ta yi ba, wanda zai yi tsakanin MAC da PHY kuwa shawarar kanel ce, kuma bisa al'ada PHY ake bai wa. Wannan jimla ta makara da fiye da shekara goma.

Adireshin MAC, lambar nan mai bit 48 da ke bambanta kowace ƙofa da sauran na duniya, wata matsalar ce dabam. Rabinta na farko IEEE ke raba wa kamfanoni, rabi na biyu kamfanin ke bai wa kowace na'ura. Fayil ɗin kwatance guda ne ga dukan na'urorin samfuri ɗaya, don haka ba a rubuta lambar a ciki, in ba haka ba rauta dubu goma za su fito da suna ɗaya, biyu daga ciki su haɗu a ofis guda su hana juna aiki. Abin da ake rubutawa shi ne inda lambar take. Wasu rautocin TP-Link suna ajiye ta a can ƙarshen ɓangaren U-Boot na ma'adanarsu, masu aisin MediaTek a wani ɓangare mai suna factory, wasu kuma manhajar tayarwa ce ke cusa ta cikin bishiyar kafin ta miƙa. In kanel bai samu ba, yawancin direbobi ƙirƙiro wata suke yi da ka a kowane tashi, sai na'ura ta riƙa samun sabon adireshin IP duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, wanda a wurinmu ba sau ɗaya ba ne a yini. Haka ma'aunin ƙarfin rediyon Wi-Fi, wanda ake gwadawa a masana'anta ga kowace na'ura, yake zaune a ɓangaren art a rautocin Atheros. Wanda ya goge shi wajen filashin, wato sake loda manhajar na'ura, babu fayil ɗin da zai sauke ya dawo masa da ainihin nasa.

Ƙofofi huɗu ko biyar ɗin nan na bayan rauta kuwa, yawanci MAC ɗaya ne ke bayansu, a haɗe da aisin suwic. Tsakanin MAC da suwic babu kebul kuma sau da yawa babu PHY, don haka babu wanda za a tambaya gudu. Sai a rubuta fixed-link, a ce gigabit ne kullum. Tsarin da Linux ke bi a nan shi ne DSA, wanda Lennert Buytenhek ya shigar a 2008 don suwic ɗin Marvell: suwic yana liƙa wa kowane ƙunshi alamar ƙofar da ya shigo, kanel kuma ya nuna kowace ƙofa kamar katin netwok mai zaman kansa. Dole bishiyar ta faɗi wace ƙofa ce ke kallon furosesa, waɗanne ne aka fito da su jikin akwati, waɗanne ne mai zana bod ya bari a rufe. Kuma a nan iyakar da ke tsakanin kaya da ra'ayi take dusashewa. Adireshin IP, kalmar sirri da rabon VLAN ba su da gurbi a bishiyar, wannan ba gardama. Amma sunan wan ko lan1 fa? A wurin suwic duk ƙofofin ɗaya suke. Ni ina tare da masu cewa a rubuta, domin an buga sunan a jikin robar akwatin, kuma wanda ke tsaye da kebul a hannu shi yake karantawa. Abin da aka buga a masana'anta ya zama siffar kayan, ko da lantarki bai san da shi ba.

Ramin faiba na SFP ya haɗa duniyoyin biyu, ta kayan da ke faɗin sunansu da ta waɗanda sai an bayyana su. Ƙarfen da ake sokawa yana ɗauke da 'yar ma'adanar da ke faɗin ko shi wane ne, amma ramin kansa sai an bayyana shi: ta wane layin I2C ake karanta ma'adanar, wace ƙafa ke nuna an soka abu, wacce ke kashe hasken laser. Domin irin wannan haɗi mai canzawa Russell King ya rubuta phylink, wanda ya shiga a 2017.

Tun Linux 5.0, a 2019, Rob Herring ya jagoranci mayar da bayanan siffofin zuwa tsarin da kwamfuta za ta iya dubawa, kuma yanzu ana iya gwada fayil kafin a karɓe shi. Wannan ya kama dubban kurakuran rubutu da siffofin da ba su da asali. Amma zai karɓi rgmii kamar yadda zai karɓi rgmii-id, domin duka halattattun kalmomi ne, kuma ba ya auna tsawon tagulla.

Akwai masu ganin duk wannan wahalar ta samo asali ne daga barin kanel ya san abin da bai kamata ya sani ba. A tsarin ACPI, wanda manyan sabar ARM ke bi tun da Linux 4.1 ya karɓe shi a 2015, manhajar tushe ce ke saita agogo da ƙafafu da PHY, ta miƙa wa kanel abin da ya riga ya shirya. Ga sabar da katin netwok ɗinta ke kan PCI, wannan ya fi, kuma ba na jayayya. Ga rauta mai suwic da ramin faiba da PHY uku kuwa, ACPI ba shi da isassun kalmomi, har sai da bugu na 5.1 na 2014 ya buɗe ƙofar da ake aro siffofin bishiyar da ita. Bambancin da ya fi damuna dai ba na harshe ba ne, na wanda ke riƙe da rubutun ne. Kwatancen da ke cikin ma'ajiyar kanel kowa na iya karanta shi, wanda ya ga kuskure ya turo faci. Wanda ke cikin manhajar tushe kuwa sai kamfanin ya ga dama, kuma kamfanin da ya sayar da na'ura mai araha shekara biyar da suka wuce ba shi da dalilin ganin dama.

Wannan ne ya shafe mu kai tsaye, mu da muke sayen kayan da wasu suka ƙera kuma muke riƙe su har sai sun mutu. Wayoyin Android suna da ɓangaren ma'adana mai suna dtbo, kuma masu filashin a kasuwar Farm Centre ta Kano sun san cewa fayil ɗin waya mai suna ɗaya amma bod daban yana iya barin ta ta kunnu ba taɓawa ba kyamara. Kwatancen da bai dace da bod ba yana cikin dalilan haka. A wajen rauta kuma, OpenWrt, aikin sa-kai da ya faro a 2004 daga Linksys WRT54G, shi ke ba tsofaffin na'urori sabon kanel bayan kamfani ya yi watsi da su. Lokacin da ya bar tsoffin fayilolin C na rautocin Atheros ya koma bishiya, daga fitowar 19.07 zuwa 21.02, sai da aka sake rubuta kwatancen kowane samfuri, kuma sai wanda ke da na'urar a hannu ne zai iya gwadawa. Wasu an bar su saboda ƙarancin ma'adana. Wasu kuwa lafiyarsu ƙalau, kawai ba a sami wanda zai rubuta musu ba.

Ana iya zaro bishiyar daga na'ura mai aiki, a karanta ta da dtc, amma ta kamfani sau da yawa cike take da siffofin da direbobinsa na gida kaɗai suka sani, da irin ƙaryar nan da ke aiki. Abin da ya ceci Pine64 da Orange Pi a 2020 shi ne masu ƙera su suna wallafa zanen bod, don haka masu sa-kai suka buɗe zanen suka ga waɗanne razistoci aka liƙa wa PHY, suka rubuta gaskiyar. Wannan nake ganin ya kamata hukuma ko makarantar da za ta sayi rauta ɗari ta tambaya kafin ta biya: shin kwatancen samfurin yana cikin Linux ko OpenWrt? In babu, kuma babu zane, wanda zai so ya tsawaita ran na'urar sai ya kwance akwatin, ya liƙa waya a ƙafafun siriyal, ya ɗauki mita ya bi layukan tagulla ɗaya bayan ɗaya daga babban aisi zuwa PHY.